Shebur a Jikin Jingar Holan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci, a tashar jirgin ƙasa, har a shagon wanki, duk wadda ta gan ni sai ta tare ni. "Hajiya Saude, yaya Holan? Da gaske a ƙasan ruwa suke zaune?" Daga nan sai ta gyara mayafi ta kawo tambayar da ta tsayar da ita tun farko: "To ina 'yarki Ummi? Ba ke kika ce da ita za ki dawo ba?" Na faɗa, ban musa ba. Bakina ya gaji da maimaici, ƙafafuna ma sun gaji da tsayuwa a titi, shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarin gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Waɗanda suka san ni a University Heights sun san tsakanina da ruwa ba shiri. Ni 'yar Haɗeja ce, da ambaliya na girma, na ga maza suna gayyar jinga da buhunan yashi kowace damina, amma abin bai taɓa shiga raina ba sai a Bronx. Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana Alhaji, ina zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda sauƙin haya. Wata rana aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya biyo matakala ya danne ƙofata. A kan gado na tsaya, ruwa ya kawo mini ƙirji, ina ta salati. Maƙwabcina Malam Seidu, mutumin zangon Kumasi, shi ya fasa taga yana ihu, "Hajiya, ka riƙe hannuna! Ka bar kaya!" Na fita da raina da zanen jikina. Littattafan Alhaji da hotunan Ummi na ƙuruciya duk sun tafi. Tun daga nan na koma hawa na biyar, a gidan da lif ɗinsa ya fi kwana a mace. Kullum kuma sai na hau feri, jirgin fito, zuwa St. George, inda nake jinyar wata tsohuwa, kuma a tsakiyar jirgi nake zama, bayana ga taga.

Ummi ita kaɗai Allah ya ba ni. Ba sunanta ke nan ba, amma 'yar fari ce, kun san ba zan faɗa ba. Ta auri Mukhtar, yaron kirki ɗan Zariya, aiki ya kai shi Holan ya tafi da ita. Ran da ta gaya mini a waya, tana dariya, wai kogin garinsu ya fi rufin kicin ɗinta tudu, ban yi barci mai daɗi ba. Da cikinta ya tsufa na ƙudura abu ɗaya: zan je jego, in yi mata wanka, in lallaɓa ta mu dawo da jaririn, shi Mukhtar ya nemi canjin aiki ya biyo baya. Har gadon jariri na saya. Ni da Malam Seidu muka hau da shi bene, yana nishi yana cewa, "Nauyi paa, Hajiya, jikan nan sai ya biya ni."

Kafin tafiya na biya ta 125th Street wajen wani Alhaji Idi, mutumin Maraɗi, na haɗa kayan jego: kanwa, kimba, citta, masoro, garin kunu, busasshen ganyen darbejiya, da kilishi ƙunshi biyu. Na tambaye shi ko za a bar ni in shiga da su. Ya ce, "Hajiya, wagga kanwa ta ƙwarai ta. Ki tai abinki, 'yan duwan ba su cewa komi, walahi. Voilà." 'Yan kwastan yake nufi. Ashe shi bai taɓa zuwa Turai ba, daga baya na ji.

Jaririn bai jira ni ba. Ina cikin shiri aka kira ni wai ta sauka, namiji. Na sauya tikiti a gurguje na hau jirgi. Ban runtsa ba, wani ƙato a gefena ya mamaye hannun kujera, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da muka fara sauka na leƙa sau ɗaya. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, an yanyanka ta da layukan ruwa, ko'ina ƙyalli. Na ja murfin taga na rufe.

A bakin shiga, ma'aikacin fasfo bai ɓata mini lokaci ba. Na kayan ne ya tsare ni. Wani dogon yaro ne, sai na ɗaga kai nake ganin haɓarsa, kuma duk mutanen ƙasar haka suke, kamar an ja su. Ya ɗauki kanwa ya juya, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa. Na ce musu ta kunu ce, mai jego ke sha. Suka dubi juna. Sai na ɓantari kaɗan na lasa a gabansu, na yamutsa fuska, suka yi dariya suka mayar mini. Ganyen ma sun jinjina shi sun bari. Kilishin ne ba su yi shawara ba, suka ce nama ba ya shiga, suka jefa shi kwandon shara ina kallo. Na yi wa Alhaji Idi addu'a irin wadda ta dace da shi.

Mukhtar ya tarye ni, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a, Turawa suna kauce masa. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka, muka shiga 'yar motarsa. Ina gyangyaɗi sai na ji hanya ta haura tudu ta kuma ƙuntata. Na buɗe ido. A hagu ga kogi, faɗinsa ya ba ni tsoro, ruwan ja ya cika shi har ya shanye gindin itatuwa, wani dogon jirgin kaya yana wucewa daidai da kafaɗata. A dama kuwa, can ƙasa, ga rufin gidaje, ina hango bututun hayaƙinsu daga sama.

Na ce, "Mukhtari, wannan wace irin hanya ce?"

Ya ce, "A kan jinga muke, Mama. Ita ce titin."

Jinga dai kamar tamu ta gida, tudun ƙasa da ake tarawa a tare ruwa. Sai dai tasu ta kai ganuwa, an lulluɓe ta da ciyawa, an shimfiɗa kwalta a kanta, kuma ba ta da ƙarshe. Tumaki suna kiwo a jikinta. Mukhtar ya ce ba banza aka sake su ba, su ke datse ciyawar su kuma tattake ƙasar ta yi ƙarfi. Na ce to, har tunkiya ma'aikaciya ce a nan. Yana ta bayani da murna, wai akwai hukumar ruwa da ta girmi yawancin hukumomin ƙasar, zaɓenta ake yi, kowane gida yana biyan kuɗinta, kuma injuna suna zuƙe ruwa dare da rana suna mayar da shi kogi, aikin da a da manyan fankokin iska suke yi. Har akwai mutanen da sana'arsu kawai kama wani ɓeran ruwa mai kama da gafiya, don yana haƙa rami a jinga. Ya ce shi ma ya ba da sunansa cikin masu sa kai, in kogi ya cika su bi jinga a ƙafa suna duba tsaga. Ni dai ina riƙe da ƙofar mota. Abin da na fahimta shi ne, ran da injin ya tsaya ko ɓera ya fi su himma, jikana yana cikin kwano.

Sai ya karya kan mota muka gangara. Gidansu na gindin jingar, ɗan ƙarami, tsaf, matakalarsa a miƙe kamar tsani. Da rarrafe na hau. Na sami Ummi a kwance da yaron a ƙirjinta, ta ce, "Mama," sai kuka. Ni ma na yi. Yaron ya ɗauko goshin Alhaji sak.

Wata baturiya na tarar a gidan, sanye da farar riga, tana ninke kayan jariri. Ashe al'adarsu ce, in mace ta haihu ana turo mata mai kula da ita kwanakin farko, ta duba uwa, ta yi wa jariri wanka, har shara take yi. Wato an riga ni kujerata. Ta kawo mini wani busasshen biskit da aka shafa wa man shanu aka barbaɗa masa 'yan ƙwayoyin alewa shuɗi da fari, wai shi ake ba mai barka in namiji ne. Na gutsura, ƙwayoyin suka watse a cinyata har ƙasa, ta ɗauko tsintsiya ta share. Abincinsu kuwa kada ku tambaye ni. Burodi da cuku da safe, burodi da cuku da rana. Sai da yamma ake ɗora tukunya, dankali ne a dame shi da ganye. Na ce mai jego ba za ta yi nono da wannan ba, na shiga kicin na dama kunun kanwa, na yi farfesun kaza da yaji.

Wankan ne muka yi rigima a kai. Da ta ga na tafasa ruwa a babbar tukunya na jefa darbejiya, ta zaro ido, ta ɗauko wani ɗan ma'aunin zafi ta tsoma. Ta ce wannan zai dafa mutum. Na ce da shi aka dafa ni, ga ni. Ummi ta shiga tsakani, "Mama, please, a sirka kaɗan." Aka sirka. Wanka dai aka yi, amma a wajena wannan wasan ruwa ne.

Ina gasa mata jiki ina sako zancena a hankali. Na ce ga ɗaki na gyara. Na ce ga asibiti kusa, ga 'yan uwa, ga masallaci, yaro zai tashi yana jin Hausa. Na ce wa ke zama da jariri a ƙasan kogi in ba wanda ya rasa mafaɗi ba. Ita kuwa sai ta ce, "Za mu yi magana, Mama," ta rufe ido. Na san halinta tun tana ƙarama, ba ta musu da ni, ba ta kuma cewa to.

Washegari na buɗe firiza neman kaza, sai na ga wata roba an ɗaure ta a leda, an ajiye kusa da koren wake. Na tambaya. Mukhtar ya sunkuyar da kai ya fita. Ummi ta ce, "Mabiyiya ce. Na roƙi ungozomar ta bar mana. Na ce ke za ki binne, yadda kika ce Inna ta binne tawa a bayan ɗaki."

Na yi salati. Mabiyiyar ɗan mutum a cikin firiza, tare da cefane! Amma raina ya yi sanyi, domin ban zaci ta riƙe wannan maganar ba. A wajenmu ba a wasa da ita. Tsofaffi ke wanke ta, a naɗe a ƙyalle mai tsabta, a haƙa rami mai zurfi a bayan ɗaki a rufe, don kada kare ko mugun mutum ya kai gare ta. Na fito da ita na wanke, na naɗe a farin ƙyalle, na ce gobe in Allah ya kai mu.

Da gari ya waye Mukhtar ya fita zagayen jinga, don kogin yana ta ƙaruwa. Mai farar riga ba ta iso ba. Na ɗauki shebur a ɗakin ajiya na fita bayan gida. Tsakar gidan duk an shafe ta da tayil, ko tafin hannu na ƙasa babu. Na buɗe 'yar ƙofar baya, sai ga jinga a gabana, ciyawa kore shar, ƙasa mai laushi, daidai bayan ɗakin da yaron yake kwance. Na ce alhamdulillahi, wuri ya samu. Duk bayanin ɓeran da aka yi mini a mota bai zo kaina ba. Ni a ganina tudu tudu ne, kuma ramin da zan haƙa bai fi zurfin hannu ba.

Na yi bisimilla na fara. Ƙasar yumɓu ce mai nauyi, tana kama shebur. Na cire ciyawa, na yi nisa kaɗan, bayana yana ciwo, sai na ji ihu daga gidan da ke kusa. Wata tsohuwa ce ta fito da rigar barci da takalmin roba, gashinta fari fat a tsaye, tana tafe tana ɗaga sanda. Ban san yarensu ba, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Na tsorata, na caka shebur ɗin a jikin jingar, na ja da baya na rungume ƙunshina.

Ta iso tana haki. Ta dubi ramin, ta dubi kogin da ba a gani daga nan sai dai a ji shi, ta durƙusa da kyar ta sa hannu a ciki tana taɓa ko da danshi. Sannan ta juyo da Turanci, "Me kike yi? Kin san abin da ke bayan wannan ƙasar?"

Tagogi suka fara buɗewa. Wani mai keke ya tsaya a saman jinga yana leƙo mu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Hausawa na cewa ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, ni kuwa ga ni uwa na ja wa 'yata. Sai ga Ummi ta fito, da bargo a kafaɗa, tana takawa a hankali irin na mai ɗanyen jego. Na ce ta koma, iska za ta shige ta. Ba ta koma ba. Ta yi wa tsohuwar magana da yarensu, abin da ban san ta iya har haka ba, tana nuna ƙunshin da ke hannuna.

Tsohuwar ta sauke sandarta. Sunanta Yani, maƙwabciyarsu ce, ta haura tamanin. Ta dube ni ta ce, "Na yaron ne?" Na ɗaga kai. Ta ce kakarta ma ta taɓa gaya mata ana binne irin wannan a gindin bishiya. Fushin ya sauka daga fuskarta, amma ba ta fasa faɗa mini gaskiya ba. Ta ce ko bishiya ba a dasawa a nan sai da izini, ko turken shanya. Ruwa ba ya bukatar ƙofa, ɗan rami yake nema, ya bi ta ƙasa a hankali yana jan yashi, kafin a farga tudun ya zauna. Na ce a raina, mu ma mun sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yani ta zauna a kan ɗan dakalin ƙofar Ummi, ni ma na zauna. Ta ce ita ba a nan aka haife ta ba, can wajen bakin teku ne. Tana yarinya jingar garinsu ta karye. Babanta ya ɗora su a saman rufi, suna kallon shanunsu suna wucewa a ruwa. An cece su a kwalekwale, ban da ƙanenta. Ta faɗi haka ba hawaye, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Ban san lokacin da na fara ba ta nawa ba. Gadon da na tsaya a kai, sanyin ruwan a ƙirjina, tagar da aka fasa. Ummi tana tsaye tana ji, kuma wasu abubuwan ranar ta fara jin su, don ban taɓa gaya mata duka ba. Na ce wa Yani, "To ke da kika ga wannan, me ya zaunar da ke a gindin wata jingar? Ni hawa na biyar na gudu."

Ta ce, "In na gudu wa zai yi wa masu haƙa ihu?" Ta ɗan yi dariya. Sannan ta ce, "Ina zan je? Duk ƙasar haka take. Mu ba mu yarda da ruwa ba, ko kaɗan. Da junanmu muka yarda, shi ma da sa ido."

Sai ta nuna shebur ɗin da sandarta, yana nan tsaye inda na caka shi. Ta ce da a zamanin kakanninta ne, da na yi babbar magana ban sani ba. A da kowane mai gona yana da yankinsa na jinga da zai riƙa gyarawa. In mutum ya tsufa, ko ya talauce, ko ya gaji har ba zai iya ba, sai ya je ya caka sheburinsa a jikin jingar ya bar shi. Kowa ya gani ya san ya sallama, ya bar gona ya bar gida. Wanda kuma ya zo ya zare shebur ɗin, to ya karɓi wurin ke nan, da daɗinsa da wahalarsa, shi zai ci gaba da tsare ruwan.

Ta faɗa ne don ta ba mu dariya, ta sassauta abin da ya faru. Ni ma har na buɗe baki in ce to ni dai na sallama, ku riƙe kayanku. Sai na ga Ummi ta gyara bargonta ta taka ciyawar. Na ce, "Ke, ina za ki? Ba kya ɗaga abu mai nauyi." Ta kama ƙotar da hannu biyu, ta girgiza, yumɓun ya riƙe, ta sake girgizawa ta zare shi. Ba Yani ta kalla ba, ni ta kalla.

Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Nan ne gidanmu. I'm not coming back. Na rasa yadda zan gaya miki ne."

Na ce, "Ko don ruwan nan ba za ki duba ba?"

Ta ce, "A Bronx ruwa ya same ki, Mama. Kuma ba wanda yake zagaye yana dubawa."

Zafi na ji a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fita da Alhaji. Kuma a wurin na gane, ko da a kan dutse ta gina gidanta, da sai na nemo wani dalilin. Tsoron ruwan gaskiya ne, amma kaɗaici ya fi shi yawa. Na tsufa, na gaji da hawa bene in buɗe ƙofa ba mai amsa sallama.

Da Mukhtar ya dawo ya ga ramin, sai ya dafe kai. Bai ce mini uffan ba, surukuta ta hana, amma da kansa ya kira hukumar ruwan ya faɗa musu. Wani mutum ya zo da 'yar mota, ya cike ramin da yumɓu, ya daddaka, ya mayar da ciyawar kamar mai ɗinki, ya kafa 'yar tuta don a riƙa dubawa. Ya yi mini gargaɗi cikin ladabi. Tutar nan tana nan har na taho, kullum na leƙa taga sai mun haɗa ido.

Mabiyiyar kuwa, Yani ce ta kai ni lambunta, can nesa da jinga, bayan wani kewayayyen tafki. Ta ce tafkin ma tabon ruwa ne, wurin da jinga ta taɓa karyewa tun kafin a haifi kakanta, ruwan ya ƙwaƙule ƙasa ya bar rami. Yanzu agwagi ke iyo a ciki, yara suna kamun kifi. A gindin wata bishiyarta ta nuna mini. Na haƙa da shebur ɗin nan dai, mai zurfi yadda ake yi, na yi addu'a na rufe. Tana tsaye a gefe ta cire hularta. Ni da na zo ɗaukar yaro, ni na binne masa cibiya a ƙasar mutane da hannuna.

Ran suna aka sa masa sunan Alhaji. Raɗin a wani ƙaramin masallaci na Turkawa aka yi, ragon kuma a mahauta aka yanka, aka kawo shi a kwali. Tunda ba zan iya kiran sunan ba, Maigida nake ce masa. Na ƙarasa kwanakina ina wanka da dama kunu. Kogin ya yi ta cika har ya gaji ya fara komawa. Wata rana Yani ta ja ni muka hau saman jinga da yamma, ta riƙe hannuna na riƙe nata, ba a san mai tallafar wani ba. Na tsaya na kalli ruwan sosai. Ban ji na so shi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma na kalla.

Ran tafiya Ummi ta ce in dawo in zauna da su, ga ɗaki. Na ce matakalarku za ta kashe ni kafin ruwa, kuma wa zai riƙa zuwa wa Alhaji ziyara a maƙabarta? Ta yi dariya tana share hawaye. Na sumbaci goshin Maigida na shiga mota. Da muka hau jinga na waiwaya, na hango rufin gidan a ƙasa da hayaƙi yana fita.

To kun ji Holan. Masu tambaya ko a ƙasan ruwa suke, e, a ƙasansa suke, kuma suna barci fiye da ni. Masu tambayar Ummi, tana lafiya, tana gaishe ku, tana gidanta.

Na iso na tarar lif a mace kamar kullum. Na ja akwatina hawa hawa, ina hutawa a kowane bene. Da na buɗe ƙofa, gadon jaririn ne ya fara tarye ni, da ledarsa ban ko cire ba. Na bar shi ya yi kwanaki ina kewaye shi. Ran nan na ji matar Alhaji Idi ta sauka, sai na kira Malam Seidu na ce ya zo ya taya ni mu kai musu. Ya shigo ya dubi gadon, ya dube ni. Shi da bakinsa ba ya shiru, bai tambaye ni komai ba. Ya kama gaba na kama baya muka fara sauka. A hawa na uku ya tsaya ya ce, "Hajiya, ka huta kaɗan." Na ce ba nauyi, mu je.